Daga Mayanka Zuwa Fage: Dambe Da Lafiyar Masu Yin Sa

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani hafsan sojan ruwa na Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya yada zango a Kano, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Ya sha jin labarin 'yan damben ƙasar Hausa, ya ƙagara ya gani da idonsa. Sai ya tashi baransa da dare, ya ce ga wuri 2,000 ga waɗanda za su zo su yi wasa a ƙofar masaukinsa. Sharaɗi guda ya gindaya, kada a yi da gaske, domin an gaya masa irin wannan karo ba kasafai ake tashi ba a rasa rai ba.

Washegari suka iso, makaɗa biyu a gaba, mahautan birni a baya. Mai kula da fage ya riƙa watsa wa 'yan kallo ƙasa har suka ja baya, fili ya buɗe. 'Yan damben suka dinga shigowa ɗaya bayan ɗaya, ba komai a jikinsu sai warki. Kowa ya shigo sai ya gyara tsayuwa, ya motsa damatsa, ya miƙa wa mutane hannun dama yana kiran kansa kura, yana kiran kansa zaki, su kuma suna dafa kafaɗarsa suna sa masa albarka. Daga nan aka naɗe musu hannun dama da siririn ƙyallen saƙi, tun daga yatsan tsakiya har ya wuce wuyan hannu. Kafin a ce kwabo labari ya cika gari. 'Yan mata suka bar tuluna a bakin rijiya, 'yan kasuwa suka ajiye kwanduna, kowa ya nufo wurin.

Abubuwa biyu da Baturen ya rubuta sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko, yadda wasan yake da muni a wancan zamani: ana shaƙe kan mutum a hammata a yi ta kirɓa, ana kai gwiwa, idan an rabu kuma a kai shuri da diddige ƙarƙashin haƙarƙari ko gindin kunne, kuma wannan shurin ne ya fi yin kisa. Na biyu, idan aka fito da mutum biyu aka tarar abokai ne, sai su haɗa ƙirjin hagu sau biyu, su shaida wa jama'a amincin da ke tsakaninsu, ɗaya ya fita a kawo wani. Ba mai tilasta su. A cikin fage guda, da safiya guda, ga ta'adi ga kuma ka'ida.

Shekara 200 ke nan da 'yan kai. Duk da haka, wanda ya taɓa leƙa gidan damben Dei-Dei a Abuja, ko na Sabon Garin Kano, ko na Marabar Nyanya, ba zai ji baƙon abu a wannan labari ba. Kiɗan yana nan, kirarin yana nan, hannu ɗaya a naɗe ɗaya a buɗe. Abin da ya sauya ba ya fitowa a hoto, kuma shi ne ya shafi lafiyar samarin da ke shiga fagen.

Dambe gadon mahauta ne, musamman rundawa masu bin kasuwanni da nama. Ba abin mamaki a ciki. Mutumin da tun yana yaro yake taya kayar da bijimi, ya danne ƙafa a ɗaure, ya yi fiɗa a sunkuye, ya saɓa cinyar sa a kafaɗa daga mayanka zuwa rumfa, ba ya buƙatar a gina masa ɗakin motsa jiki. Sana'ar ta ba shi damtse da ƙugu da dogon numfashi, ta kuma cire masa tsoron jini. Irin wannan jiki da irin wannan zuciya su suka haifi hawan ƙaho, inda ɗan mahauci ke tarar sa mai faɗa ya rungume ƙahonninsa a gaban Sarkin Fawa da jama'a, kuma su suka haifi dambe. Kalangu, kiɗan mahauta, shi ya raka su duka biyun.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa a fili ba. A tsarin zaman Hausawa na da, fawa tana can ƙasa a jerin sana'o'i, har akwai gidajen da ba sa ba mahauci aure. Kowa na son nama, amma ba kowa ke son surukuta da mai yanka shi ba. Fagen dambe shi ne wurin da barunje ke tsayawa tsakiyar gari, masu sarauta da attajirai na kallo, a kira sunansa da na ubansa da na garinsu a kan kalangu, 'yan mata su yi guɗa. Wanda ya san abin da raini ke yi wa zuciyar matashi ya san wannan ba ƙaramin magani ba ne. Dambe ya ba wasu mutane da aka ajiye a gefe wata hanya ta ɗaga kai, kuma da yawa daga nan suka samu mata.

Lokacin wasan ma yana da nasa tsari. Dambe wasan kaka ne. Idan an girbe gero da dawa, rumbuna sun cika, manomi ya ga kuɗi, sai bukukuwa su kankama. Rundawa su ɗaura ɗamara su shiga garuruwa ƙungiya-ƙungiya, da rana a yi yanka a sayar da nama, da la'asar ko da farin wata a kafa fage a dandali, baƙi su kara da 'yan gari. Da ruwa ya sauka kuwa, kowa ya kama fartanya. Ba wanda ya zauna ya tsara haka don kiwon lafiya, amma abin da ya haifar ke nan: watanni a jere ɗan dambe bai sha naushi ko ɗaya a ka ba, jikinsa yana aiki a gona, ƙwaƙwalwarsa tana hutawa.

Ka'idar wasan, yadda ta daidaita daga baya, ita ma tana da hikima. Hannun da aka naɗe da ƙyalle aka bi da zare shi ne mashi, wanda ke buɗe a gaba shi ne garkuwa, da shi ake kare kai, a auna tazara, a ture ko a riƙe. Turmi uku ake yi. Idan zare ya kwance, ko wasa ya yi sanyi, sai a raba a koma gefe. Da zarar hannun mutum ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. A damben Turawa, wanda aka buge ya faɗi yana da damar miƙewa kafin alƙali ya ƙirga goma, ya koma ya ci gaba da shan duka da kai mai jiri. A damben Hausa ba wannan. Faɗuwa ɗaya ta raba gardama, kuma wannan kariya ce ta gaske, ko da ba da sunan kariya aka kafa ta ba.

Ba za a wanke al'adar tas ba. An yi zamanin da wasu ke tsoma zare a danƙo su barbaɗa masa garin kwalba, an yi zamanin ɗaura akayau na ƙarfe a ƙafar da ake shuri da ita. An hana waɗannan, kuma hanin ya nuna cewa su kansu masu abin sun san akwai iyaka. Layu da guraye da tsaga a hannu a cusa magani kuwa har gobe ba su bar fage ba.

Wani manazarci Ba'amurke, Edward Powe, ya rubuta littafi a 1994 kan wasannin jarumta na arewacin Najeriya, dambe da kokawa da shanci da sharo da sauransu. Ya lura tsayuwar ɗan dambe da naɗin hannu guda sun yi kama da zanen 'yan damben tsohuwar Masar. Kama dai kama ce, ba ta zama hujjar asali. Shaidar da ke hannu ta Kano ce, kuma ta isa ta nuna wasan ya girmi Najeriya kanta nesa ba kusa ba.

A ƙarni na 20 dambe ya samu abin da ya fitar da shi daga dandalin ƙauye, wato murya. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin ƙasar Sakkwato, ya ɗauki ɗan dambe Shago ya kai shi inda naushinsa bai kai ba. Mutanen da ba su taɓa ganin Shago ko takwaransa Ɗandunawa da ido ba sun san su ta rediyo da kaset, a tasha, a shagon tela, a cikin motar haya, daga Gusau har Maraɗi har zangon Kumasi. Waƙar Shago ta zama abin nazari a sassan Hausa na jami'o'i. Duk wanda ya saurare ta da kunnen basira zai ji cewa rabinta ba zancen duka ba ne, zancen mutuwa ne da tsoro, da yadda namiji ke tunkarar abin da yake tsoro ba tare da ya juya baya ba.

A nan ne amfanin dambe ga zuciya da hankali yake, kuma ana iya ganinsa a sunayen 'yan wasa. Da wuya a ji ɗan dambe da sunan yanka. Shagon wane ne, ko Bahagon wane, ko Dogon wane, ko Autan wane, kowa yana ɗauke da sunan wanda ya ɗaura masa zare. Sama da wannan kuma akwai ɓangare, Kudu ko Guramaɗa ko Arewa, wadda wasu ke kira Jamus. Yaron da ya shigo birni ba uwa ba uba, yana kwana a tasha, idan ya shiga hannun ubangida ya samu wanda zai tashe shi da asuba, wanda zai ce masa yau ba za ka shiga ba, wannan ya fi ƙarfinka, wanda zai ji kunya idan ya yi abin kunya. Ya samu 'yan'uwa da za su ɗauke shi a kafaɗa ran da ya yi kisa, su kuma kakkaɓe masa ƙasa ran da aka kashe shi.

Faɗuwa a gaban jama'a makaranta ce mai tsada. Matashi ya sha ƙasa, ɗaruruwan mutane na ihu, makaɗi na zuga wanda ya buge shi, amma ya tashi ya miƙa hannu, ya fita ba tare da ya nemi wuƙa ba. Unguwannin da ke fama da daba da sara-suka sun san darajar matashin da ya iya haɗiye wannan. Fushi a fage asara ne, domin wanda ya fusata shi ke sauke garkuwa, ya kai hannu ba lissafi, ya buɗe haɓa. Tsofaffin 'yan dambe sun san wasan haƙuri ne: a tsaya a sunkuye, ido cikin ido, ana auna juna, wani lokaci minti guda cur ba wanda ya kai hannu.

Jiki kuwa, ribarsa tana cikin shiri. Ɗan damben da ya ɗauki abin da gaske yana fita gudu kafin rana ta fito, yana tsallen igiya, yana dukan buhun yashi ko tsohuwar taya, yana ɗaga ƙarfe. Tsayuwar dambe kaɗai aiki ce: ƙafafu a ware, gwiwa a lanƙwashe, nauyi a kan cinya, hannu ɗaya a miƙe har kafaɗa ta ɗau zafi. Naushin kirki daga ƙafa yake tasowa, ya bi ta ƙugu da gadon baya kafin ya isa hannu, don haka babu gaɓar da ke zaman banza. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma awa guda kullum, domin rage haɗarin hawan jini da ciwon suga da ciwon zuciya, da kuma sauƙaƙa damuwa da gyara barci. Mai atisayen dambe yana wuce wannan ma'auni ba tare da ya san da shi ba. A garuruwan da babur da Keke Napep suka raba mutane da tafiyar ƙasa, waya kuma ta zaunar da samari a dakali, wannan ba abin rainawa ba ne.

Masana a wasu ƙasashe sun gwada tasirin irin waɗannan wasanni a kan halayyar yara, kuma abin da suka gano ya dace da abin da gidajen dambe suka sani. A 1986 wani mai bincike a Amurka, Michael Trulson, ya raba wasu samari masu laifi gida uku na tsawon wata shida. Kashi ɗaya aka koya musu tekwando yadda aka gada, da ladabi da natsuwa da nasiha. Kashi na biyu aka koya musu faɗan zalla. Na uku suka yi wasu wasannin motsa jiki. Na farko suka rage zafin kai da fargaba, na biyu kuwa suka ƙara lalacewa. A 2004 Kimberley Lakes da William Hoyt suka gwada yara 'yan firamare sama da 200, suka ga waɗanda aka koya wa tekwando sun fi takwarorinsu kame kai da mai da hankali a aji. Sai kuma wani bincike a Norwe a 2005, na Endresen da Olweus, da ya bi yara maza kusan 500 tsawon shekara biyu, ya tarar masu dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe sun fi sauran shiga rigima a waje. Ba a kan damben Hausa aka yi ko ɗaya daga cikinsu ba, amma darasin ya iso har nan. Naushi shi kaɗai ba ya gyara yaro. Wanda ke koyar da shi, da abin da yake haɗawa da shi, su ke sa ya zama tarbiyya ko ya zama ta'adi. Ubangida nagari shi ne rabin maganin.

To, daga ƙarshen ƙarnin da ya wuce dambe ya tare a birni. Aka kewaye fili da kwano ko bulo, aka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa, aka jera benci. Ya bi Hausawa har Legas. Ya daina zama na mahauta su kaɗai, yanzu akwai makanikai da leburori da 'yan acaɓa da waɗanda ba su da wata sana'a sai shi. Aka fara sa babur da mota a gasa, masu kuɗi na liƙi, BBC Hausa na kawo sakamakon wasanni turmi-turmi. A 2017 wasu matasa suka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, mutane miliyoyi daga ƙasashen da ba su san ko sannu da Hausa ba suka shiga kallo. Dambe yana cikin wasannin gargajiya da ake yi a bikin wasanni na ƙasa, tare da kokawa da langa. Wannan duk ci gaba ne, kuma yaran da ke ci da iyayensu daga wannan fage ba za su so a koma baya ba.

Sai dai birni ba shi da kaka. Gidan dambe yana buɗe rani da damina, wani wurin safe da yamma. Wanda abincinsa ke fage ba zai iya zama wata biyar yana jiran girbi ba, kuma wanda aka buge ranar Juma'a yana iya ɗaura zare ranar Lahadi, a wannan gida ko a wani gari inda ba wanda ya ga faɗuwarsa. Hutun da noma ke bayarwa kyauta ya tafi, ba a kuma kawo wani abu a madadinsa ba.

Ga abin da ke faruwa a cikin kai. Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, tana zaune cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan naushi ya sami haɓa ko muƙamuƙi, kai ya juya da ƙarfi, sai ta girgiza ta bugi ƙashi, siraran jijiyoyinta su miƙe fiye da kima. Abin da 'yan kallo ke gani a matsayin kisa mai kyau, mutum ya zube kamar an sare icce, rauni ne a ƙwaƙwalwa ko da jini bai fito ba. Tana warkewa idan an ba ta lokaci. Idan aka sake bugunta kafin ta warke, nan ne ake samun kumburi ko zubar jini a ciki, wanda ke iya kashe saurayi lafiyayye a cikin sa'o'i. Wanda ya tsira daga wannan kuma, duka na shekara da shekaru yana taruwa. Tun a 1928 wani likita a Amurka, Harrison Martland, ya bayyana ciwon tsofaffin 'yan dambe: tafiya da tangaɗi kamar mashayi, harshe ya yi nauyi, hannu na karkarwa, mantuwa, saurin fushi. A ƙasar Hausa idan aka ga tsohon ɗan wasa a haka, sai a ce asiri ne ya koma masa, ko abokan karo ne suka yi masa jifa. Sau da yawa naushin da ya sha ne yake biya.

Zare ya fi safar damben Turawa tauri nesa, shi ya sa tsagewar gira da karyewar haƙori da raunin ido suka yi yawa. Ga kuma ƙwaya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da su, kuma fagen dambe ba a wata duniya yake ba. Tiramol tana kashe zafi, zafi kuwa shi ne ɗan aiken da ke gaya wa mutum ya tsaya. Wanda ya sha ta zai ci gaba da wasa da karyayyen hannu ko fasasshen kai bai sani ba. Aska ɗaya da za a yi wa mutum biyar tsaga da ita kuma hanya ce buɗaɗɗiya ga ciwon hanta da ƙanjamau.

Malamai sun daɗe da magana a kan wannan. An ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, kuma ƙarfin jiki abin yabo ne a Musulunci. Amma akwai hani ingantacce a kan dukan fuska, kuma a 1987 majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa dambe irin wanda ake yi a fagagen gasa bai halatta ba, saboda an gina shi a kan cutar da abokin karo. Masu son dambe ba za su iya toshe kunne daga wannan ba. Hujjar malaman ita ce cutarwa, kuma ita ce dai hujjar likitoci.

Wasu al'ummu sun taɓa tsayawa a irin wannan mararraba. A Japan, jujutsu fasahar mayaƙa ce ta karya gaɓa da shaƙe wuya, kuma bayan an rushe tsarin samurai ta zama abin da ake yi wa kallon wasan 'yan tasha. Jigoro Kano, wanda aka haifa a 1860, yaro ne ƙanƙani mara ƙarfi da abokai ke cin zalinsa a makaranta, shi ya sa ya nemi koyonta. A 1882 ya buɗe makarantarsa, Kodokan, a wani ɗaki na wurin ibada a Tokyo mai tabarma 12, da ɗalibai tara. Abin da ya yi shi ne tankaɗe da rairaya. Dabarun da ke kisa ko nakasa ya fitar da su daga karo, ya bar su a darasin nuni kawai. Ya sa abin da ake fara koya wa sabon ɗalibi shi ne yadda zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba. Ya ce manufar ita ce gina jiki da hali, ya sa mata suna judo. Malamin makaranta ne, don haka ya kai ta makarantu. A 1964 judo ta shiga gasar Olamfik a Tokyo, yau kuma yara da tsofaffi na yin ta a kusan kowace ƙasa. Damben Turawa ma da hannu tsirara aka fara shi. Dokokin Queensberry na 1867 ne suka kawo safar hannu da turmi na minti uku, kuma bayan mutuwar ɗan Koriya Duk Koo Kim a 1982 aka rage turmin gasar duniya daga 15 zuwa 12. A damben 'yan koyo na duniya, wanda aka sumar ba ya komawa fage sai ya yi aƙalla wata guda.

Ba sai an je Japan ba ma. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki kokawa, wadda ita ma wasan kaka ce ta dandali, ta mai da ita gasar ƙasa a 1975. A Tawa aka yi ta farko, Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Yau jihohi takwas ke turo 'yan kokawa goma-goma, da alƙalai da rubutacciyar doka da masu duba lafiya a bakin fage, ƙasa gaba ɗaya ta tsaya cak a gaban rediyo da talabijin. Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobin zakara karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Kiɗa bai mutu ba, kirari bai mutu ba, layu ma suna nan. Tsari bai kashe armashin kokawa ba, ya ƙara mata daraja ne.

Wasu masu shirya gasar dambe ta zamani sun fara kawo sikeli da agogo da ma'aikatan jinya, kuma sun kyauta. Amma yawancin wasannin da ake yi kowace rana ba a gaban kyamara ake yin su ba. A can ne ake haɗa yaro da wanda ya fi shi da kilo 15 don 'yan kallo na so, a can ne ake yayyafa wa wanda ya suma ruwa a jingine shi da bango a ci gaba da kiɗa.

Gyaran bai fi ƙarfin masu abin ba, kuma ba sai an jira Abuja ba. Sarakunan dambe da shugabannin Kudu da Arewa da Guramaɗa sun san kowane ɗan wasa da ubangidansa, kuma waya tana hannun kowa. Idan suka haɗa baki cewa wanda aka sumar a Kano ba zai ɗaura zare a Kaduna ko Dei-Dei ba sai bayan wata guda, maganar za ta zauna, musamman idan aka ware masa wani abu daga kuɗin ƙofa ya ci abinci a kwanakin da yake zaune, domin yunwa ce ke mai da shi fage. Sikeli bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Ma'aikacin jinya guda a bakin fage, da mota a shirye, ba su kai abin da ake liƙi da shi a dare ɗaya na babbar gasa ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 a bar su su yi gudu, su daki buhu, su koyi tsayuwa da garkuwa da ladabin fage, amma kada a bari a dake su a ka. Hukumomin wasanni na jihohin Kano da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Kebbi, inda wannan wasa ya fi jama'a, su ne ya kamata su kira masu gidajen dambe da likitoci su zauna a rubuta waɗannan ka'idoji, a kafa su a ƙofar kowane gida kusa da mai karɓar kuɗin shiga.